Zonnumai

A Kayele, a ajin da kwanon rufinsa ke ƙara in rana ta take,
Malam Taiwe ya rubuta da guntun alli:
zonnumi.
Mu 'yan Garwa uku na bencin baya muka tuntsire,
don kunnenmu "zo nan" ya ji.
Bai ko juyo ba. Ya ce, "Ina ɗaurawa ke nan.
Ɗamara fa, ba ɗaurin akuya a turke ba."

Ya liƙa mata peri a goshi, ya zagaya ƙugunsa da yatsa.
Ya goge, ya sa ana,
ya tattaro bakin rigarsa sama ya cusa a bel,
ƙwaurinsa sirara kamar karan dawa.
Haka masunci ke yi a Yagwa kafin ya taka ruwan Logon,
haka uwarsa ke yi in za ta dashen masakwa.
Mai jan riga a ƙasa ba ya cim ma kowa.
Na ce a raina, tasu ana sama take nufi,
tamu kuwa mai ɓoye suna ce:
ana ɗaurawa, ba a faɗi wa ya ɗaura ba.

Wata Talata ya canza wa kalmar wutsiya.
Mi ta fita, mai ta shigo.
"Muryar tsakiya," in ji shi.
"Aikin ya bar hannunka, ya komo jikinka."
Na ɗaga yatsa: "In wani ne ya ɗaura mini fa?"
Ya daɗe yana kallon allo.
"A lokacin yanzu rigarsu ɗaya, Dogara.
Ko harafi ba ya motsi.
Sai dai ka duba wa ke tsaye kusa da aikatau."
Na haddace don jarrabawa.
Sha huɗu bisa ashirin.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Bana na sauka tashar Kayele da ƙunshin bandar kifi,
aka nuna mini gidan da ke bayan injin niƙa.
Damina biyu da hannunsa na dama ya daina jin kira.
Na tarar ana shirya shi zuwa sujada,
'yarsa Maiwore a durƙushe,
mazagin wandonsa a hannunta,
tana faɗa don ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Na so in kau da kai. Ya riga ya gan ni.
Rabin bakinsa ya yi murmushi,
ɗaya rabin ya ƙi.
Ya ce, a hankali, harshen na ja masa,
"Zon-nu-mai."

Wacce a ciki, Malam?
Ban tambaya ba. Na duba, yadda ya koya mini.
Ita ce a kusa, babu shakka,
ita ta zarga, ita ta ƙulla.
Amma bakin igiyar guda
yana cikin hannunsa na hagu,
ya riƙe tamau har jijiya ta tashi,
bai saki ba sai da ƙullin ya zauna.