Layin da Yatsa Ya Share

Bayan lisha wuta ta ɗauke a Bagalam.
Na zauna bakin zaure da wayata,
haskenta kaɗai a tafin hannuna,
ina bin lissafin wata:
kuɗin ruwa, kuɗin makarantar Cima,
buhun aya huɗu da suka tafi Jibiya,
dala arba'in ta shayi, wadda na rubuta ina jin kunya.

Sauro ya sauka a wuyan hannuna.
Na kai masa mari,
babban yatsa ya zame bisa gilashi.
Waya ta yi wata tambaya, ban karanta ba na ce to.
Sauro ya tsira.
Layi ɗaya ya tafi.

Nan take bashin da ke kaina ya rame:
jika talatin da bakwai da dala ɗari.
Na san layin.
Ranar Laraba ce, a rumfar Illiyasu,
ya lashi yatsa ya ƙirga mini su sau biyu,
ya ce, "Ni da kai har sai da shaida?
Sa a cikin abin nan naka."
Ba takarda, ba na uku.
Yau kwana goma sha tara da muka kai shi makwanci.

Na daɗe ina neman gurbin.
Ba gurbi ma.
Layin sama da na ƙasa sun matso sun haɗe
kamar sahu idan mutum ɗaya ya fita sake alwala.

Zuciya ta ce, ba kai ka share ba, sauro ne.
Ta ce, ɗakin tsakiya yana yoyo,
ka tambayi kuɗin kwano jiya, ka ji abin da aka ce.
Na kife wayar bisa tabarma.
Karnuka na haushi can wajen gulbi.
Barci ya zo bakin ƙofa, ya leƙo, ya wuce.

Da asuba na tashi Cima, ido duk kwantsa.
Ta karɓa, ta yi hamma.
"Baba, ba ka san tana da kwandon shara ba?"
Ta latsa ɗigo uku a kusurwa,
ta shiga wani lungu da ban taɓa takawa ba.
"Abin da aka zubar yana kwana talatin a nan
kafin ya ɓace."

Ga tarkacena duka:
kuɗin albasa da na rubuta sau biyu,
gyaran babur da na fasa,
sai a bisansu, Illiyasu,
da ranarsa, da adadinsa,
har da ɗan bayanin da na sa da hannuna:
sai bayan kaka.

"A maido?"
Yatsanta na rataye bisa gilashi.
Ta dube ni. Ai ta iya karatu.
Na gyara murya, muryar ta ƙi gyaruwa.
Na ce, maido.

Layi ya koma mazauninsa,
na sama da na ƙasa suka matsa masa
ba wanda ya tambaye shi inda ya kwana.

Da hantsi na hau kabu-kabu zuwa gidansa.
Jika goma sha biyu ke gare ni, su na ɗauka.
Barira na bayan labule, cikin takaba.
Na faɗi adadin duka, na faɗi abin da na kawo.
Ta yi shiru har akuya ta gama tuƙa.
Ta ce, "Bai taɓa faɗa mini ba."
Ta kira ɗanta ya yago takarda daga littafin makaranta.

A hanya na tsaya ƙarƙashin bedi,
na buɗe sabon layi:
saura jika ashirin da biyar da dala ɗari.
Na karanta tambayar waya har ƙarshe kafin na amsa.

Wurin cizon na ƙaiƙayi har yanzu.
Ban sosa ba.