Inda Murya Take Dire Ƙafa

Babana Firmin ya sauka Cádiz a jirgin gishiri
da jaka ɗaya, da harshe ɗaya.
Faransancinsa mai tafiya ne sumul, gaɓa bin gaɓa,
ba ya dire ƙafa sai ya kai ƙarshen magana.

Innata Milagros tana ɗinkin koma a bakin tasha.
A harshenta kowace kalma da wurin da ake danna ta,
kamar tulu bisa gammo:
ka gusar da nauyin kaɗan, ruwan ya tafi wani gida.

Makonsa na farko ta aike shi kasuwa.
Pápas, ta ce, dankali ke nan, nauyi a goshi.
Papás, ya ce, ya tura nauyin ƙeya,
ya nemi a auna masa iyaye kilo biyu.
Mai tebur ta riƙe ciki,
ta ce nata sun tsufa, amma a yi ciniki.
Ya dawo da dankalin, bai san me aka yi wa dariya ba.

Ba kurma ba ne.
Yana jin inji ya yi tari kafin mai jirgi ya ji,
yana gane iskar gabas tun tana bayan dutse.
Amma waɗannan biyun, ya rantse, tagwaye ne,
riga ɗaya, fuska ɗaya, mu ne muke neman fitina.

Ita ma da ta je garinsu, La Rochelle,
ta dawo tana cewa mutanen nan
magana suke kamar igiyar da ba ƙulli,
ka kama ina? Ka san ina ne ya dame su?

Sai kalmar da ta fi kowace.
Te ámo: ina sonki, yanzu, ni ɗin nan.
Te amó: wani ya so ki, dā, an wuce wurin.
Shekara arba'in da ɗaya
yana shigowa da ƙarnin teku a hannun riga
ya ce mata wani ya taɓa sonta.
Wa? in ji ta, ba ta ɗago daga tukunya ba.
Yaushe? Me ya hana shi zama?

Ta koya masa da cokali a gefen faranti:
ƙwal da ƙarfi, sannan a hankali.
Ta koya masa da tafi.
Ta koya masa da dunƙulen hannu a ƙirjinsa,
nan, Firmin, a nan farko ake faɗowa.
Ya gyaɗa kai, ya cika huhu,
ya sake jefa nauyin can ƙarshe,
inda uwarsa ta ajiye masa shi tun yana goye.

Ni na tashi da kunne biyu da ba sa ga maciji.
Ɗaya yana jin kuskuren,
ɗaya yana jin mutumin.

Bara, a watan da ake gyaran jirage, ta tafi.

Ran Lahadi nakan raka shi.
Ya goge marmara da hankici,
ya canja ruwan furanni, ya gyara tsayuwa,
ya faɗi abin nasa yadda ya saba.
Yanzu nahawu ya koma bayansa,
kalmar ta zama labarin dā,
kuma babu mai tambaya wa, ko yaushe.

Na buɗe baki zan gyara masa, na fasa,
don na ga hannunsa.
Ya lanƙwashe yatsa, ya ƙwanƙwasa dutsen sau biyu:
ƙwal da ƙarfi,
sannan a hankali.