Rahoton Dare a Hull

Ƙarfe huɗu, gidan tsofaffi tsit.
Na rubuta a littafin aiki:
na kwana ina "look for" Mista Pickering.

Da safe Maureen ta faɗo ba sallama:
"Ya ɓace? Kin kira 'yan sanda?"
Ga shi can yana kurɓar shayi,
haƙoransa a kofi.

Ashe "after" zan sa.
'Yar kalma, tsakuwa a shinkafa,
ita ke fasa haƙori.

A gida nema daban, kula daban,
kowa da ƙofarsa.
Nan aikatau ɗaya, sai a canja masa wutsiya.

Na goge, na gyara.
Amma Maureen, ba duka ne kuskure ba:
tun da ya manta sunan 'yarsa
kowane dare nemansa nake.