Tafin Hannu a Ƙirji

A Tirabzon, inda Baƙin Teku ke wanke wa gari ƙafa,
mahaifina Shevket yana da teburin kifi,
layi na uku, dab da Rustem mai shayi.
Kifin hamsi, ƙanana kamar yatsun jariri,
yakan jera su bisa ƙanƙara tun kafin kiran assalatu.

Ina ɗan shekara tara nake riƙe masa ma'auni.
Na san kifi daga ido:
na yau idonsa tar, na jiya ya yi yana.
Na kuma san hannun Baba.
In na yau ne, hannun a fili yake, yana shawagi kamar tsuntsun ruwa.
In na jiya ne, sai ya zagaya bayansa
yana murza igiyar rigar aiki
har baki ya gama rantsuwa.

Wata Talata Nazife ta zo, tana dogara sanda,
wadda teku ya ci mijinta shekara ashirin da suka wuce.
"Shevket, na yau ne?"
"Na yau ne, uwata, yanzun nan aka sauke daga jirgi."
Ba ta dubi kifin ba. Kafaɗarsa ta duba.
"Ina hannunka? Fito da shi.
Ɗora a ƙirji, ka sake faɗa mini."

Ya yi dariya ya ɗora, ai wasa ne.
Sai dariyar ta ƙafe.
Tafi ya ji abin da ke bugawa a ƙarƙashinsa,
harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.
"Na jiya ne," ya ce. "Jiya da la'asar."
Ta sayi rabin kilo duk da haka,
ta ce gishiri zai rufa masa asiri.

Kwana uku Baba yana mita,
wai hannu ya ci amanarsa,
nama da ƙashi, me ya sani game da ciniki?
Ni kuwa na ɗauki darasin a baibai:
in za ka yi ƙarya, raba hannu da zuciya.
Aljihu ya zama mafakata.
Na yi wa malamin lissafi, na yi wa mai karɓar haraji,
na yi wa Gulten da na aura,
sau biyu, ko dai uku.

Shekara talatin. Asibiti, hawa na huɗu.
Ruwan sama bai ɗauke ba tun Juma'a.
Likita ya riga ya ja ni gefe:
makonni ne, ba watanni ba.
Baba ya rame har zobe ya suɓuce daga yatsansa.
"Tunjay, me ya ce maka?"
"Sauƙi na tafe, Baba.
Kafin hamsi ya shigo za ka koma teburinka."
Hannayena suna can ƙasan aljihun kwat,
yatsu a harɗe.

Bai dubi fuskata ba.
Ya miƙo hannu, ya zaro nawa,
ya ɗora shi, ba a ƙirjina ba,
a nasa.
Haƙarƙari kamar katakon tsohon kwale-kwale,
can ciki wani abu yana ƙwanƙwasawa a hankali
kamar baƙo mai kunya.
"To, sake faɗa."

Na buɗe baki.
Ruwa yana dukan taga.
Ko uffan.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka cika wa canji daidai.
"Rustem yana bina lira arba'in, ka biya shi.
Kuma kada ka sayar wa jikar Nazife na jiya."

Yanzu teburin nawa ne, da ma'aunin, da rigar aikin.
Na roƙi Gulten ta ɗinke aljihunan kwat ɗina.
Ba ta tambaye ni dalili ba,
sai dai ta yi murmushi tana cizon zare.
Da asuba sanyin teku yana cin yatsuna,
ba su da wurin ɓuya.
Can na hango yarinyar tafe da kwandonta.