Kashi Uku Kafin Hukunci

A Jidda ba a gane kaka da ganye.
Gumi jiya, gumi yau,
teku na huro numfashinta mai gishiri
har cikin lungunmu na Sabil.
Ni da wayar Mudassir nake sanin lokaci ya juya.
In ya hau soro bayan isha'i yana kira,
"Yaya Rumasa'u, sabbin katun na Japan sun sauka,"
to, can wata ƙasa itatuwa sun fara ja.

Bana bakwai ya jero.
Muka baje tabarma gefen tankin ruwa,
muka jingina wayar da gwangwanin madara.
Japananci a kunne,
Larabci na gudu a ƙasan allo kamar an biyo shi,
gardama kuwa da Hausa,
don ita ce ba ta bukatar fassara.

Na farko: babbar mota ta kaɗe wani yaro,
ya farka a wata duniya da takobi a hannu.
Na ce, wai motar nan ba ta da birki ne?
Bara ma ita ta kwashe wancan.
Ya ce, "Doka ce, kashi uku kafin hukunci."
Na ce, Juma'ar da za ta yi kyau
tun Laraba ake gane ta.

Na biyu 'yan mata ne, idanu kamar faifai,
ihu kan ƙwallon raga har sai da na rage sauti.
Amma akwai wata 'yar guntuwa a benci
da ba a sa ta wasa ba,
tana ta ɗaure igiyar takalmi tana kwancewa.
Saboda ita kaɗai zan dawo.

Na uku ƙarafa ne masu tsawon bene,
wuta, walƙiya, an zuba kuɗi kamar ango a makon farko.
Mu dai gani a sati na shida,
in fuskoki ba su fara karkacewa ba.

Sauran ukun na manta su tun kafin shayi ya huce.

Sai na ƙarshe.
Wata tsohuwa ce mai tsaron ƙaramar tasha
inda jirgin ƙasa ke tsayawa sau ɗaya a rana.
Ta share dandamali. Ta dafa ruwa.
Jirgi ya zo, ba wanda ya sauka.
Ta ajiye kofi biyu, ta sha ɗaya.
Sannan ruwan sama ya sauko kan rufin kwano,
minti guda cur, ba mai magana.

Mudassir ya yi hamma. "Ko mari babu."
Bai san Hajiya Tabawa ta hau matakala ba,
tana dafe da bango, tana neman iska.
Ba ta karanta rubutun ƙasan allo,
idon ya daɗe da yin ritaya.
Ta ce, "Ƙaro mini ƙarar nan."

Ta zauna. Ta karkata kunne.
"Haka yake yi a Gumel, ɗakin Inna,
ina 'yar shekara tara, daren da za mu taso."
Ta yi shiru har ruwan ya ɗauke.
"Wanda ya zana wannan ya taɓa jiran wani."

Mudassir ya fara karanto mata dokarsa.
Ta ɗaga hannu.
"Yaro, a shekaruna ba na bayar da bashin sati uku.
Na gani, ya yi."

Tun daga nan ba mu da sakat.
Ina ninke kaya, ta leƙo:
"Yau ce ranar ƙawata?"
Sai Alhamis, Hajiya.
"To wa zai sha ɗaya kofin?"
Ban sani ba, su ma ba su faɗa ba tukun.
Ta ja tsaki, ta koma kan carbinta,
ta ce a sa wayar a caji tun Laraba.