Ɗigon da Ke Kan Layi

Usta Barka ya leƙo bayan shago ya ce:
"Zana mini ƙofa, wata a sama, tauraro kusa da shi,
kafin su ɗauke wuta."
Zarto na kuka a waje,
Hajja Kaltuma na suyar kifin Lagwan a bakin kwalbati,
ni kuma na buɗe kwamfuta da bismilla.

Faifai biyu na ɗora, ɗaya ya hau kafaɗar ɗaya.
Na ce haɗa, suka zama kwanson gyaɗa.
Na ce bar mini inda suka yi tarayya kaɗai,
ya miƙo ƙwallon dabino.
Na ce cire wannan daga wancan,
sai ga jinjirin wata.
Na cire wancan daga wannan:
watan ne dai, amma ya juya mini ƙeya.

Ba tsafi ba ne, na san hanyarsa.
Gefe yake bi, kamar cinnaka a bakin ƙwarya,
duk inda layi ya gitta layi ya kafa turke,
ya datsa, ya tara guntaye,
ya tsare kowanne da tambaya: na ciki ne kai ko na waje?
Guntu ba shi da baki.
Sai ya harba kibiya daga wurin har ƙarshen allo,
ya ƙirga dangar da ta keta.
In mara ce, ɗan gida.
In cika ce, baƙo.
Ya ɗinke na zaɓe kamar baduku, ya watsar da saura.

Yau dai ya cije.
Tsinin tauraro ya taɓa bakin wata,
taɓawa kawai, bai shiga ba, bai fita ba.
Kibiya ta shafi danga ta wuce.
A ƙirga ɗaya? A ƙirga biyu? A ce ba ta taɓa ba?
Jan rubutu ya fito, fankarsa ta hau haki.

Na zuba wa ɗigon ido, na gane shi.

A kan gadar Ngeli aka haife ni,
a bayan akori-kura, tsakanin buhunan albasa,
Kusiri a ƙafafun inna, Injamena a kanta.
Har gobe jandarman nan ya duba katina ya dubi fuskata,
na can ma haka,
kowa na harba kibiyarsa, lissafi bai taɓa zuwa ɗaya ba.

Shekara huɗu da cire inna daga gidanmu,
kabarinta na tsallaken ruwa, wajen danginta.
Abin da allo ya koya mini ke nan:
in ka cire abu, ramin da ya bari siffarsa ce sak.
Muna kewaye ta a tsakar gida har yanzu,
ba mai ajiye kujera a gindin turmi.

"Me ya tsayar da ke?"
Usta ya sunkuyo, warin walda a rigarsa.
Na nuna masa. Ya yi tsaki, ya yi dariya.
"Matsar da shi kaurin gashi mana. Wa zai gani?"
Akwai wata 'yar lamba a can ƙasa,
sifiri, ɗigo, sifiri, sifiri, ɗaya,
haƙurin injin ke nan gaba ɗaya:
abin da ya fi wannan kusa, ya ce abu guda ne.
Ban taɓa ta ba.
Tauraron na tura ciki, kaurin gashi.
Jan rubutu ya ɓace.

La'asar sakaliya aka yanka ƙarfen.
Wata ya faɗo ƙasa da zafinsa, tauraro manne a gefensa,
ƙofa ta tsaya da raminsu, rana na shigowa ta ciki.
Ɗan Usta, Abaiso, ya turo guntun da sanda cikin inuwa,
ya tsuguna yana jira ya huce.