Kuskuren Ruggero

Ni ne Liborio, mutumin Favara a tsibirin Sisili.
Ku dubi bayana kafin ku saurari bakina.
Ba da wannan doro aka haife ni ba,
dutsen farar wuta ne ya ƙera shi, kwando bayan kwando.

Ina ɗan takwas, shekarar da alkama ta ƙi,
ubana ya karɓi lira ɗari,
ya zana gicciye a gurbin sa hannu,
ya fita bai dube ni ba.
Uwata ta ƙulle mini gurasa da albasa a tsumma,
ta ce, "Kafin zaitun ya nuna sau biyu, ka dawo."
Sau goma sha ɗaya ya nuna.

Matakala ɗari biyu da arba'in da bakwai
daga cikin ƙasa zuwa bakin rami,
su ne makarantata.
A kansu na koyi ƙirge, da fitilar mai a goshi,
tsirara don zafi, ina shaƙar warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Ta casa'in santsi gare ta.
Ta ɗari da shida ce ta karya ƙafar Nofrio,
muka riƙa tsallake ta kamar kabari.

Can kan tudu akwai gida mai koriyar taga.
Ruggero, ɗan Don Saverio mai rami, sa'ana ne,
an ce ruwan kwano ɗaya aka zuba mana a coci.
An ɗauko masa malami tun daga Palermo,
da taswira, da Latinanci, da sandar dukan tafi.
In mun fito da yamma, ƙura ta mai da mu ɗorawa,
sai in hango shi ya manna goshi a gilashi
yana kallonmu, wai mu ne masu yawo.

Wata Asabar, ranar lissafi,
uban ya zaunar da shi gaban babban littafi,
don ɗan mai gona da kunya ake koya masa noma.
Muna layi. Aka zo kaina.
Ya tara, ya ɗebe, yana cizon leɓe,
ƙafafunsa ba su ko kai ƙasa ba.
Sai ya ɗago da murna irin ta mai cin jarrabawa:
"Baba, wannan ya gama biya tun bara."

Ɗakin ya yi tsit.
Na ji bayana yana neman miƙewa.

Malami ya sunkuya, ya gyara tabarau.
"Ina kuɗin man fitila? Ina na gurasa?
Ina kwandon da ya yage?"
Sanda uku a tafin dama.
Ruggero ya yi kuka mara sauti,
ya tsoma alƙalami, ya gyara.
Hannunsa na rawa, tawada ta ɗiga
kusa da wasu layuka masu ƙugiya.
Ranar na san kamannin sunana.
Shi kaɗai na iya karantawa har yau.

Tafinsa ya huce kafin Lahadi.
Ni na koma ƙasa shekara bakwai.

An ce ya zama alƙali, ya yi furfura, ya rasu.
Ban je jana'iza ba, ban kuma zage shi ba.

Jiya jikata Nunzia ta dawo daga makaranta
da allonta na baƙin dutse.
Na ce ta rubuta, na zayyano mata duka,
don wanda ya ɗauki lamba a baya ba ya mantuwa:
kwando nawa a yini, yini nawa a shekara,
mai, gurasa, har kwandon da ya yage.
Ta tara, ta ɗebe, tana cizon leɓe.
Ta goge, ta sake.

Sannan ta ce, "Kaka,
ai yaron nan bai yi kuskure ba."